Daminar da Na Fitar da Jirgi Daga Ruwa

Ku 'ya'yana, na san kowannenku ya ji labarin jirgin nan ta bakin wani. Wanda ya tashi wajen kawunnansa a Bakura ya ji iri ɗaya, wanda ya yi hulɗa da mutanen ƙetare ya ji wani iri, kuma har yau akwai gidajen da idan aka ambaci sunana sai hira ta mutu. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku da bakina ba. A lokacin ba magana ce da ake ɗaga murya a kanta ba, daga baya kuma nauyinta ya hana ni. Yanzu da ƙafafu suka zaunar da ni wuri ɗaya, ga yadda abin ya kasance.

Fito na gada wurin mahaifinmu, wanda ruwan madatsar Bakolori ya tasa daga garinsu na asali, ya koma ya kafa bukka a tungar da aka haife ku, a ƙasar Maradun, bakin gulbi. Ni da yayana Mande muka tashi a cikin ruwa. Shi ya riƙe su, wato kamun kifi, da taru da goransa, ni na riƙe fito. Jirgina na katako ne, wani masassaƙi daga Yauri ya haɗa mini shi, mai faɗin ciki, yana ɗaukar mutane da buhunan shinkafa da albasa, har babur a kan ɗora. Da rani gulbi yakan ja da baya har mai babur ya ratsa ta mashigi ba tare da ya nemi kowa ba. Amma idan damina ta nutsa, ba mai zuwa ƙetare, ba mai dawowa, sai ta hannuna. A ƙetaren nan akwai 'yan ƙauyuka, a ɗaya daga ciki yayarku Ramatu take aure. Bayan ƙauyukan kuma daji ne, kuma a shekarun nan kun san su wa suka mallaki dajin. Ba ma kiran sunansu ko a cikin ɗaki. Mutanen daji kawai muke cewa.

Wata rana bayan la'asar, gero ya fara fitar da kai, ina kwashe ruwa daga cikin jirgi da ƙwarya, sai na ji sallama a bayana. Samari ne su uku, ban ji tahowarsu ba. Babban cikinsu ba zai girmi Ramatu ba. Rigarsa doguwa ce, amma ta kasa rufe bakin abin da ya rataya a ƙarƙashinta. Ya durƙusa ya gaishe ni, gaisuwa cikakkiya irin ta ɗan mutunci, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, na ce ruwa sun yi gyara. Da ya zo da zagi, da na san inda na tsaya. Ladabin nan nasa shi ya kashe mini jiki.

"Baba, jirgin ga naka na?"

Na ce nawa ne.

"Ina shi ka kwana?"

Na nuna masa kututturen da nake ɗaure shi da sarƙa. Ya miƙe, ya dafa goshin jirgin yana shafawa kamar mai taya rago a kasuwa.

"To daga yau kak ka ƙara sa mai sarƙa. Ka bar shi nan da gorar tuƙi ciki. In ka iske shi da laka da sahe, ka wanke abinka, ba ruwanka. Ran da ruwa sunka yi ƙarhi kuma, mu aiko, kai za ka tuƙa mu."

Ya yi mini sai an jima, suka bi gefen gulbi suka tafi. Na zauna a cikin jirgin, ƙwaryar tana hannuna. Ba sai an faɗa mini abin da za a ɗauka a jirgin ba. Da rani sukan shigo gefenmu a kan babura su kwashi mutane su koma daji. Damina ce kaɗai take ba garuruwanmu hutu, domin gulbi ya tare su. Jirgina suke so ya zama hanya.

Ba a yi kwanaki da yawa ba sai ga 'yan sa-kai, da bindigoginsu na gida da layu har wuya. Shugabansu yaro ne da na sha ƙetarar da uwarsa yana goye a bayanta. Shi bai durƙusa ba.

"Baba Bawa, an ga baƙi nan wurinka."

Na ce bakin ruwa na kowa ne, ban isa in hana mutum tsayawa ba.

"Mu dai mun gaya maka. Dut jirgin da ya kwana bakin ruwa aka ƙetare da shi, mai shi infoma na. Ka kuwa san abin da mu ka yi ma infoma."

Na sani. Akwai wani mai fito can sama da mu, dattijo kamata, da aka tilasta wa tuƙi da bindiga a ƙeya. Bai kwana biyu ba 'yan garinsu suka fitar da shi bayan gari, ko wanka ba a bari an yi masa ba.

Washegari da safe muka zauna a tsakar gida, ni da Mande da mahaifiyarku Inno, kunu yana hucewa a gabanmu ba mai sha. Mande ya ce a nutsar da jirgin. Haka iyayenmu suke yi idan za su bar jirgi ya daɗe: a kai shi wani lungu mai zurfi, a cika shi da duwatsu, ya kwanta a ƙasa. Katako ba ya lalacewa a cikin ruwa, rana ce take kashe shi. Ya ce ya san wani gurbi a bayan tsibiri, inda ko masunta ba sa jefa taru saboda saiwoyi. Ta fuskar lafiyar jirgi babu wurin da ya kai wannan, kuma na san haka. Amma na kwana ina juya abin, na ga abu ɗaya. Duk abin da nake iya fitarwa, ana iya sa ni in fitar da shi. Na san kaina. Idan aka ɗora wa Inno bindiga aka ce ina jirgi, ba zan kai ga numfashi na biyu ba zan faɗa ruwa in kwashe duwatsun da hannuna. Wurin da nake nema shi ne inda ko na so in miƙa musu jirgin, ba zai yiwu ba.

Inno tana gefe tana saurarenmu. Da muka gama ta ɗago kai.

"Malam, Ramatu fa? Cikinta ya tsufa. In jirgi ya bar ruwa, ta ina za ta hito?"

Mande ya dubi ƙasa, ni na dubi Mande.

Na fara neman inda zan ɓoye jirgin daga Bakura, wurin Sahabi ƙanen Inno. Yana da lambu a gefen hanyar ruwan noman rani, da manyan itatuwan mangwaro, ƙasa mai danshi, inuwa tun safe har yamma. Da na tsaya a wurin sai da raina ya yi sanyi. Jirgi zai shekara a nan bai tsage ba, ga ruwa kusa da za a riƙa yayyafa masa. Sahabi ya karɓe ni da kyau, aka kawo tuwon shinkafa, muka zaga lambun tare, har ya nuna mini inda ya fi dacewa. Sai da ya rako ni bakin hanya ya tsaya, ya duba gabas ya duba yamma.

"Yaya Bawa, ka yi mani aikin gafara. Lambu ba shi da ƙyaure. Masu kai musu labari suna nan cikinmu, wasu ma wurina su ka sayen rake. In anka ga jirgi ƙarƙashin mangwarona, ni za a zo ma. Ɗiyana ƙanana na."

Ban ji haushinsa ba a ranar, ban ji ba har yau, kuma kada wani cikinku ya riƙe shi da wannan. Gaskiya ya faɗa. A hanyar dawowa na lura ina kallon kowane mutum a cikin mota ina tambayar kaina ko shi ne. Har wani tsoho mai kaji a kwando sai da na zarge shi.

Daga nan na nufi Talata Mafara, wurin Malam Shehu, wanda na yi karatun allo a zaurensa ina yaro. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata tun daga sallama. A bayan gidansa akwai wani dogon ɗaki da yake zuba dawa a da, rufin kwano, ƙofarsa tana kallon wani lungu da ba ya ɓullewa. Na shiga na duba, raina ya ɓaci. Zafi kamar tanda, ga hanyar gara a jikin bango tun daga ƙasa har sama, ga ƙofar ta yi ƙanƙanta. Idan mutum yana son ya kashe jirgi a hankali, nan zai kawo shi. Amma yana tsakiyar gari, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, kuma tsakaninsa da gulbi tafiya ce ta mota. Na koma zaure na faɗa wa Malam komai, ban rage ba.

"Na sata na?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Ana biɗarshi?"

"Ana biɗa."

Ya yi ta jan carbi har na ɗauka ya manta da ni. Sannan ya ce:

"Ka kawo shi da rana tsaka, kowa na gani. Abin da anka kawo da dare shi mutane ka tambaya. In ƙohwa ta yi kaɗan, a fasa bango."

Kafin in taɓa jirgin sai da na ƙetara wurin Ramatu. Na same ta tana surfe a zaune, domin tsayuwa ta fara yi mata wuya. Na ja ta gefe na ce ta haɗa kayanta ta biyo ni yau. Ba haihuwar fari ba ce da za a ce al'ada ta maido ta gida, mijinta yana can gona, uwar mijin kuma tana kwance ba ta tashi.

"Baba, in na tahi wa za ya riƙe tsohuwa da yaran ga? Sauran biyun duk nan ɗaki na haihe su, lahiya lau. Ka yi abin da za ka yi, Allah na nan."

Ita kaɗai na faɗa wa a ƙetaren. Wannan shi ne abin da mutanen ƙetare suka fi riƙe ni da shi, cewa ban yi musu sallama ba, sun wayi gari sun ga mashigi babu jirgi. Ku sani, na tsaya a ƙofar mai garinsu, har na yi niyyar sallama. Amma zaurensa cike yake da mutane, kuma ban san kunnen wa yake kai magana daji ba. Da labari ya riga ni, da jirgin bai kai Mafara ba, ni ma haka.

Ranar kasuwar Mafara muka yi aikin. Inno da ku ƙanana kuka riga ni tafiya da sassafe a cikin matan da za su kasuwa, da 'yan ƙullin kaya kamar masu zuwa biki. Na samo wani direban motar kanta mai jigilar itace, na gaya wa duk wanda ya tambaya cewa jirgi yana yoyo, zan kai shi gyara. Maza suka taru suka cicciɓe shi, wasu har suna yi mini tsiya cewa na bar shi ya ruɓe don rowa. Muka rufe shi da tabarmi da ɗanyar ciyawa. Na roƙi Mande ya hau mu tafi, ya ƙi.

"Ni na tsufa da gudu, Bawa. In sunka zo sunka iske gida ba kowa, tungar za su ƙone gaba ɗai. Gara su iske wanda za su tambaya."

Mun bar tunga ba da nisa ba, a wata mararraba, wani mai babur ya fito daga cikin gero ya biyo mu. Ya naɗe fuskarsa da rawani, ido kaɗai ake gani. Bai wuce mu ba, bai kuma bari mun tsere masa ba. Idan direba ya rage gudu saboda rami, shi ma ya rage. Direban ya daina magana, sai leɓɓansa ke motsi. Ni kuwa na kafe ido a madubi, ina tunanin a wace kwanar hanya ce sauran suke jiranmu. Gero ya yi tsawo a gefe biyu, ko raƙumi ya shiga ba za a gan shi ba. Duk addu'ar da Malam ya koya mini ta gudu daga kaina, sai Hasbunallahu kaɗai ta rage, ita nake ta maimaitawa. Haka muka tafi har muka hango shingen sojoji a kusa da kwalta. A nan mai babur ya tsaya, ya daɗe yana kallonmu, sannan ya juya. Har yau ban san ko ɗan aikensu ba ne, ko kuwa wani bawan Allah ne da tsoro ya sa ya raɓi mota don kada ya yi tafiya shi kaɗai.

A Mafara muka fasa bangon kamar yadda Malam ya ce. Na jera duwatsu na kife jirgin a kai don kada ya taɓa ƙasa, na shafe shi da baƙin mai saboda gara, na lulluɓe shi da buhunan algarara ina jiƙa su safe da yamma. Malam ya ba mu ɗaki a gidan wani ɗalibinsa. Kuna murna kun zo birni, ni kuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ɗauka mugun labari ne. Ko a masallaci sahun baya nake tsayawa, kusa da ƙofa. Na kuɓutar da jirgi, amma na bar yayana da 'yata a bakin gulbi, kuma na san wani abu yana tafe, ranarsa ce kawai ban sani ba.

Na Ramatu ne ya fara zuwa. Naƙuda ta zo mata da gardama, ta wuni ta kwana, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Da sassafe suka ɗauko ta a kan ƙyaure zuwa mashigi, gulbi ya cika ya batse, suka tsaya suna kiran sunana daga can ƙetare. Mande ne ya ji su. Ya ɗauki manyan gorunan sunsa ya yi iyo ya ƙetara, ya ɗaure su a jikin ƙyauren da igiyar taru, aka kwantar da ita a kai. Shi da mijinta suka shiga ruwa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna turawa. Ruwa ya ja su can ƙasa da mashigi, sai da suka kama reshen wata bishiya suka fita. Tafiyar da jirgina yake yi kafin a gama gaisawa, ita ta cinye musu safiya. Kafin a sami mota a kai ta asibiti, abin da ke cikinta ya riga ya koma. Namiji ne. Ita Allah ya yi da sauran kwananta.

Na je na same ta a gadon asibiti. Na shirya jin kowace irin magana, amma da ta gan ni sai ta ce, "Baba, kun zo lahiya? Ina su Inno?" Daga ranar har yau ba ta taɓa ɗaga mini zancen ba. Inno kuwa ta yi wata guda tana ajiye mini abinci ba tare da ta dubi fuskata ba.

Ba a jima ba mutanen daji suka aiko, ba ta jirgi ba, ta wata doguwar hanya da suka zagayo, wadda ba a iya koro mutane ta cikinta. Suka sami Mande yana gyaran taru a ƙofar gida. Ya ce musu jirgi ya tafi gyara. Suka ce a ina, ya ce ƙanensa bai faɗa masa ba, alhali ya san ɗakin, ya san lungun, ya san sunan Malam. Suka ɗora hannunsa na dama a kan turmi suka yi ta dukansa da gindin bindiga. Bai faɗa ba. Suka sa wa ɗakunana da rumbuna wuta, suka bar sauran tungar, suka tafi. Hannun ya warke a shanye. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jefa taru bai ƙara jefawa ba.

A daminar nan ba a ƙetaro an ɗauki kowa a gefenmu ba, har ruwa ya janye. Amma ba ni da mutum ko ɗaya da zan nuna in ce wannan ni na cece shi, domin wanda ba a ɗauka ba bai san an yi niyyar ɗaukarsa ba. Waɗanda abin ya faɗa wa kuwa kowa ya san sunansu, kuma a gidanmu suke. Shi ya sa idan kun ji ana maganata kada ku yi faɗa da kowa. Abin da suka gani suke faɗa.

Mande bai zo Mafara ba sai bayan damina biyu. Bayan mun ci abinci ya ce in kai shi ya ga jirgi. Na buɗe ɗakin, na yaye buhunan. Duk jiƙawar da na yi ba ta hana ba: katakon ya bushe ya ja, har haske yana ratsawa ta tsakanin allunan. Ya zaga shi a hankali, yana bin tsagar da yatsun hannunsa na hagu.

"Wanga ba ya ƙara hawa ruwa," in ji shi.

Na ce na sani. Sai na yi masa tambayar da na daɗe ina tsoron yi, na ce, Yaya, da na bi shawararka na nutsar da shi, ko da na bar shi a mashigi, me kake gani?

Ya zauna a kan dutse, ya ɗora shanyayyen hannun a cinyarsa da ɗayan hannun, kamar mai ajiye kayan wani.

"Da ka bar shi, da ka tuƙa ɗiyan mutane zuwa daji, sannan namu su kashe ka. Da ka nutsar da shi, da na hiddo musu shi tun bugun farko, don na san ina iyawa. Na yi wanga lissahi ya hi a ƙirga, Bawa, kullum nan ni ka isowa. Daidai ka yi."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya, ban gama ba. Daidai ka yi. Amma akwai sahiyar da ni ka tashi in ji ƙamshin ruwa, in ga yara sun tahi da taru, wallahi a ranar hannuna ni ka so, ba daidai ba. In ka ga ban gaishe ka ba wata rana, ka san ita ta."

Na ce na ji. Ya miƙe, muka mayar da buhunan tare, shi da hannu ɗaya ni da biyu, muka fita don an kira la'asar.